IMAMU GAZALI: MALAMIN DA YA TSAYA YA YI WA KANSA HISABI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya ɗora masa amanar kansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, a wannan karo mun ga ya dace mu kawo muku tarihin Hujjatul Islam, Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali, Allah Ya ji ƙansa. Da yawa daga cikinmu sun san sunansa ta hanyar littafinsa Ihya'u Ulumiddin, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, amma kaɗan ne suka san halin da ya haifar da wannan littafi. Dalilinmu na zaɓen tarihinsa shi ne, muna ganin yadda da yawa daga cikinmu rayuwa take tafiya da su kamar yadda ruwan gulbi yake tafiya da kara. Shekara ta zo ta wuce, mutum yana nan da jahilcinsa na bara da fushinsa na bara da bashin sallarsa na bara, in aka yi masa magana sai ya jingina wa ƙaddara abin da kasalarsa ce ta jawo. Imamu Gazali mutum ne da ya kai ƙololuwar ɗaukaka yana ɗan shekara 38, sannan ya tsaya ya auna kansa, ya ga ma'aunin bai cika ba, ya tashi ya gyara tun da sauran kwana a gaba.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Imamu Gazali a shekara ta 450 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1058 Miladiyya, a garin Ɗus na ƙasar Kurasan, kusa da birnin Mashhad na Iran ta yau. Masu tarihi sun ce mahaifinsa talaka ne mai kaɗa zaren ulu yana sayarwa, mai son zama wurin malamai. Da ajali ya kusato shi, sai ya damƙa ƴaƴansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, a hannun wani amininsa mai tsoron Allah, tare da ƴar dukiyar da ya bari, ya roƙe shi ya sa su karatu. Aminin ya riƙe amana har kuɗin suka ƙare. Shi ma ba mai hali ba ne, don haka ya ba su shawara su shiga madarasa, domin a zamanin ana ciyar da ɗalibai daga dukiyar waƙafi.

Ke nan farkon shigarsa makaranta neman abinci yana ciki. Shi da kansa bai ɓoye wannan ba daga baya, ya bayyana cewa sun fara neman ilimi da wata niyya daban, ilimin ne ya ja su zuwa ga Allah. Wannan ya ishi duk wanda yake jin kunyar yadda ya fara. Gurguwar niyya ana iya miƙe ta a kan hanya, matuƙar mutum yana duba ta.

ƳAN FASHI DA JAKAR TAKARDU

Ya fara karatun fiƙihu a Ɗus wurin Malam Ahmadu Arrazakani, daga nan ya tafi Jurjan ya ƙara karatu, ya cika jaka da takardun da ya rubuta daga bakin malamai. Malam Subki ya kawo a littafinsa Ɗabaƙatush Shafi'iyya cewa a hanyarsa ta komawa gida ƴan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome har da jakar. Saurayin ya bi su yana roƙon shugabansu ya mayar masa da takardun kaɗai, tunda ba za su amfane su da kome ba, shi kuwa don su ya bar garinsu. Shugaban ya yi masa dariya, ya tambaye shi yadda zai ce ya san ilimin da in aka karɓe masa jaka sai ya koma ba shi da kome. Sannan ya sa aka mayar masa.

Wani da ya tsira haka sai ya gode wa Allah ya manta. Gazali ya ɗauki maganar ɓarawon nan a matsayin gargaɗi daga Allah. Da ya isa Ɗus sai ya zauna shekara 3 yana hardace abin da ya rubuto, har ya kai matsayin da ko an sake tare shi ba za a raba shi da iliminsa ba. A nan ne muka fara ganin halin da ya bi shi har kabari: in ya gane aibinsa, ko daga bakin wa ya ji, ba ya tsayawa kare kansa, sai ya tsara yadda zai magance shi, ya ba abin lokacin da yake bukata.

DAGA NAISABUR ZUWA BAGADAZA

Daga nan ya tafi Naisabur wurin Imamul Haramaini Aljuwaini, babban malamin Shafi'iyya na zamaninsa. Ya karanci fiƙihu da usulu da ilimin tauhidi da manɗiƙi da jayayyar malamai, har ya zama a sahun gaba cikin ɗaliban shehin. Da Aljuwaini ya rasu a shekara ta 478 (1085), sai ya nufi fadar Nizamul Mulki, wazirin sarakunan Saljuƙawa, inda malamai suke taruwa ana baje hujjoji. Ba a jima ba sunansa ya yi fice. A shekara ta 484 (1091) wazirin ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, kujerar da babu kamarta a duniyar musulmi ta wannan lokaci. Yana da shekara 34.

Kimanin ɗalibai 300 suke zama gabansa. Fadar halifa tana neman shawararsa, dukiya tana shigowa, ana girmama shi duk inda ya sa ƙafa. Duk da nauyin koyarwa da fatawa, bai bar gina kansa ba. Ya ga malamai suna yi wa masana falsafa raddi ba tare da sun fahimci maganarsu ba, sai ya keɓe ɗan lokacin da yake saura masa yana karanta littattafansu shi kaɗai ba malami. Ya gama cikin ƙasa da shekara 2, ya ƙara kusan shekara guda yana juya abin a zuciyarsa. Sai da ya fara rubuta Maƙasidul Falasifa ya bayyana ra'ayinsu yadda yake, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe shi a mas'aloli 20.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya ga yadda duniya take juya wa masu ita baya. A Ramadan na shekara ta 485 (1092) aka kashe Nizamul Mulki, wanda ya ɗaga shi, bayan ƴan makonni Sarki Malikshah ya rasu, gidan sarauta ya rikice da yaƙin gado.

WATA SHIDA TSAKANIN TAFIYA DA ZAMA

A littafinsa Almunƙizu Minad Dalal ya ba da labarin abin da ya same shi. Ya binciki hanyoyin masu neman gaskiya na zamaninsa guda 4: malaman ilimin kalam, da Baɗiniyya, da masana falsafa, da sufaye. Da ya zo kan ilimin tsarkake zuciya, sai ya ga ya karanta littattafan fannin ya san duk abin da ake sani ta hanyar karatu, amma saura aikin. Ya kwatanta bambancin da na likitan da ya san ma'anar lafiya da sharuɗɗanta alhali shi kansa yana kwance ba lafiya.

Daga nan ya juya ya dubi ayyukansa. Mafi kyawunsu shi ne koyarwa. Da ya binciki niyyarsa a cikinta, sai ya tarar son girma da yaɗuwar suna ne suke tura shi, ba neman yardar Allah tsantsa ba. Ya ga kansa a bakin rami. Ku lura, ƴan uwa, babu wanda ya tuhume shi da kome. Ɗalibai suna yabo, sarakuna suna yabo. Shi kaɗai ya shigar da ƙarar kansa, shi ne shaida, shi ne alƙali.

Gane ciwo abu ɗaya ne, shan magani wani abu ne. Tun daga watan Rajab na shekara ta 488 (1095) ya shafe kusan wata 6 yana kai da kawo. Da safe ya ƙudura zai bar Bagadaza, kafin maraice son duniya ya warware ƙudurin. Imani yana faɗa masa kwana ya ƙare kuma tafiya da nisa, Shaiɗan yana raɗa masa cewa wannan hali ne mai wucewa, in ya saki wannan kujera ba zai sake samun irinta ba. Wane ne a cikinmu bai san wannan jayayya ba? Mai son barin riba ya san ta, mai son komawa makarantar dare da furfura a gemu ya san ta, mai son zuwa ya nemi gafarar ɗan uwansa ya san ta.

Abin ya kai har harshensa ya ɗaure. Yakan tilasta wa kansa ya fito don ya daɗaɗa wa ɗalibai, sai kalma ɗaya ta ƙi fita. Baƙin ciki ya taɓa cikinsa, ya kasa haɗiyar abinci da abin sha, ƙarfinsa ya tafi. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma ba zai warke ba sai damuwar ta kau. Da dabara ta ƙare masa sai ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da kowa, Allah kuwa Ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya.

FITARSA DAGA BAGADAZA

Bai fita kamar mai gudun bashi ba. Ya bar ƙanensa Ahmadu a kan kujerar koyarwa, ya rabar da dukiyarsa, ya ware abin da zai ishi ƴaƴansa. Ya nuna cewa Makka za shi alhali Sham ya nufa da farko, don tsoron kada halifa da abokai su hana shi. A watan Zulƙi'ida na shekara ta 488 ya fita. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne ya kore shi. Na kusa, da suka ga yadda masu mulkin suke riƙe shi, suka ce kambun baka ne ya sami musulunci da malamansa. Ba su iya yarda cewa mutum zai bar irin wannan matsayi don gyaran zuciyarsa kaɗai ba.

Ya zauna a Sham na wani lokaci. A masallacin Dimashƙa yakan hau hasumiya ya rufe ƙofa ya wuni yana zikiri da tunani. Ya tafi Baitul Muƙaddas yana shiga Ƙubbatus Sakhra yana keɓewa. A garin Halil, wurin kabarin Annabi Ibrahim (A.S.), ya ɗaukar wa kansa alkawari 3: ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, ba zai ƙara shiga jayayyar nuna fifiko tsakanin malamai ba. Ku duba yadda ya zaɓi alkawuran. Su ne ƙofofi 3 da ciwonsa ya shigo ta cikinsu, ya kira kowace da sunanta ya toshe ta. Tuban da ba a ambaci abin da za a bari ba, yawanci ba ya kai kwana 7.

Ya yi aikin hajji a shekara ta 489 (1096), ya ziyarci Madina. Haƙƙin ƴaƴa ya kira shi gida, ya amsa. Ya biyo ta Bagadaza a shekara ta 490, inda Alƙali Abubakar ɗan Arabi, malamin Malikiyya na Andalus, ya yi karatu a wurinsa, sannan ya koma Ɗus ya ci gaba da keɓewarsa a tsakiyar iyalinsa.

ABIN DA YA FITO DA SHI

A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa shi rubu'i 4, kowane rubu'i littafi 10: ibadu, da al'adun rayuwa kamar ci da aure da neman halal, da halaye masu hallakarwa, da halaye masu tsirarwa. A ciki ya yi raddi ga masu cewa hali zanen dutse ne. Hujjarsa ita ce, in da hali ba ya sauyawa da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki mai tutsu ya yi laushi, ana horar da shaho da kare su kamo farauta su kawo ba su ci ba. Ya nuna cewa hali ana samunsa ta hanyar maimaita aiki. Marowaci ya tilasta wa hannunsa bayarwa, yau da gobe har kyauta ta zama masa ɗabi'a, kamar yadda mai koyon rubutu yake kwaikwayon hannun gwani har hannunsa ya faɗa.

Ya kawo hanyoyi 4 da mutum zai san aibinsa: ya zauna gaban malami mai basira, ko ya nemi aboki mai gaskiya ya sa shi ya riƙa lura da shi, ko ya saurari abin da maƙiyansa suke faɗa a kansa, ko ya dubi abin da yake ƙi a wurin mutane ya bincika ko yana tare da shi. Wanda ya koyi darasi daga bakin ɗan fashi ya cancanci ya faɗi haka.

A littafin Muraƙaba da Muhasaba ya kwatanta mutum da ɗan kasuwar da ya ba abokin ciniki jari. Jarin shi ne kwanakin rai, abokin cinikin kuwa ita ce zuciya, mai ha'inci in aka sake mata. Ya tsara matakai 6. Bayan sallar asuba mutum ya kafa wa kansa sharaɗi a kan harshensa da idonsa da cikinsa da lokacinsa. Ya wuni yana lura da kansa. Da dare ya zauna ya yi lissafin riba da hasara kamar yadda mai kanti yake ƙirga ciniki kafin ya rufe. In ya sami gaira ya hori kansa da abin da shari'a ta yarda, kamar azumi ko sadaka. Ya matsa wa kansa a kan aikin da yake yi wa nauyin jiki. Sannan ya riƙa yi wa kansa faɗa da tunatarwa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi ko tafiya Sham.

Gaskiya ta wajabta mu faɗa cewa malamai sun yi magana a kan littafin. Akwai hadisai masu rauni da waɗanda ba su da asali a cikinsa, kuma Alhafiz Al'iraƙi, wanda ya rasu a shekara ta 806 (1404), ya bi su ya bayyana matsayinsu. A Ƙurɗuba ma an taɓa ƙona littafin a zamanin Murabiɗai. Saboda haka muke ba ɗalibai shawara su karanta shi gaban malami, tare da aikin Al'iraƙi. Ma'asumi ɗaya ne, shi ne Manzon Allah (S.A.W.).

KOMAWARSA KOYARWA DA RASUWARSA

Bayan shekara 11, a shekara ta 499 (1106), Waziri Fakhrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya ga imanin mutane ya yi sanyi, ya shawarci mutanen kirki, suka ga fitowarsa ta fi zamansa, sai ya fito. Ya bayyana cewa wannan ba komawa gidan jiya ba ce, domin a da yana koyar da ilimin da ake samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ga ilimin da ake barin son girma da shi. A wannan lokaci ya rubuta Almustasfa a usulul fiƙhi, ya gama shi a shekara ta 503 (1109). Da aka sake kiransa kujerar Bagadaza a shekara ta 504, sai ya ba da uzuri, ya ambaci alkawarin da ya ɗauka a Halil shekara 15 da suka wuce.

Ya koma Ɗus ya gina makaranta da zawiya kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin karatun Alƙur'ani da koyarwa da sallah da azumi. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa kan hadisi, yana karatun Buhari da Muslim, domin ya san nan ne guzurinsa ya yi ƙaranci. Malamin da ake kira Hujjatul Islam ya zauna zaman ɗalibi bayan ya haura shekara 50. Ranar Litinin 14 ga Jimada Ahir shekara ta 505, daidai da watan Disamba 1111, bayan ya yi sallar asuba, ya sa aka kawo likkafaninsa, ya sumbace shi, ya kwanta ya fuskanci alƙibla, Allah Ya karɓi ransa, kamar yadda ƙanensa Ahmadu ya ba da labari. Yana da shekara 55.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya ku ƴan uwa, ba mu kawo wannan tarihi don manomi ya bar gonarsa ko ma'aikaci ya bar aikinsa ba. Gazali kansa sai da ya tanadi abincin ƴaƴansa kafin ya fita, kuma ya dawo ya amfani jama'a. Kujerar Bagadaza ita ce ciwonsa, kowa kuwa da nasa. Na wani harshe ne, na wani mudun da ba ya cika, na wani majalisar hira da take cinye masa daga la'asar har isha'i alhali bai iya gyara Fatiharsa ba. Mu limamai da masu wa'azi mu ne farkon waɗanda wannan tarihi ya kama, domin aikin da Gazali ya tuhumi niyyarsa a ciki shi ne aikin da muke yi kullum a kan mumbari.

Imani da ƙaddara ginshiƙi ne na addini, amma Gazali ya fi mu sanin babin ƙaddara, kuma bai mai da ita matashin kai ba. Ya roƙi Allah, ya yi shiri, ya ɗaura niyya, ya tashi. Tsakanin fitarsa Bagadaza da rasuwarsa shekara 17 ce kacal, kuma a cikinsu ya rubuta abin da ake karantawa yau sama da shekara 900. Da ya ce sai ya tsufa zai gyara, da tsufan bai same shi ba.

Muna roƙon kowane mai karatu da mai sauraro, yau da dare bayan isha'i, kafin ya kwanta, ya zauna shi kaɗai ya ƙirga wuninsa. Ya fitar da aibi ɗaya ya kira shi da sunansa, gobe bayan asuba ya kafa wa kansa sharaɗi a kansa, ya nemi aboki ɗaya mai gaskiya ya shaida masa. In ya faɗi ya tashi ya sake, Gazali ma sai da ya yi wata 6 yana faɗuwa yana tashi.

Allah Ya ji ƙan Imamu Gazali, Ya saka masa da alheri, Ya nuna mana aibobinmu tun muna da ikon gyara su, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.